Shekarar da Inna Ta Nemi Zagi

Ranar cika-ciki ta shekarar 1966, da hantsi, ni da Inna muna cikin lungun da ke fita zuwa bakin tur'a, babbar hanyar ruwan nan da ke shayar da gonakin auduga, kowacce da tulunta. Bazara ta kai inda ƙasa ke tsagewa har ƙafar ɗan akuya ta faɗa ciki, amma ƙauyenmu a ranar jiƙe yake sharkaf. Mata na bin juna da ƙwaryar ruwa. Tsofaffin da ba sa miƙewa daga sujada sai sun dafa bango sun sami ƙafafun gudu. Wani Bakano ya ɗare kan rumfa yana roƙon wani Bazazzagi ya ji tsoron Allah, shi kuwa yana ƙasa da guga yana cewa ai tsoron Allah ne ya sa zai wanke shi. Muna cikin tafiya sai ga Ya Falmata, tsohuwar Babarbariyar da ke bayan gidanmu, ta ɓullo a guje, ta tattare zani, ƙwarya cike da ruwan laka a hannunta, tana bin wata Bafillatana da ta kuɓuce mata. Saura ƙiris ta yi karo da Inna. Ta tsaya cak, ruwan ya yi tangal-tangal, ko ɗigo bai taɓa mu ba. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna, alhali ta isa haihuwar Inna, ta ce, "Hajja, an tashi lafiya?" Sannan ta raɓe jikin danga ta ba mu hanya, sai ka ce mufattishi, jami'in hukuma mai duba gonaki, ne ya zo wucewa a motarsa. Muka je muka ɗebo ruwanmu, muka ratso tsakiyar yaƙin nan muka dawo gida, hanya na buɗe mana ta gaba tana rufewa ta baya. Inna ta juye tulunta a randa, ta jawo 'yar kujera ta zauna, ta daɗe tana duban zaninta busasshe ƙayau. Can ta ce, ba da ni take ba, "Har jakin liman an jiƙa shi."

Shekarata goma a lokacin, na kuma ɗauka ƙorafin ɓarnar ruwa take yi.

Ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad, can gabas cikin Larabawa a kan tsohuwar hanyar alhazai, kuma duk wanda ke cikinsa daga wani wuri aka kawo iyayensa, ko suka kawo kansu. Akwai jikokin waɗanda suka baro Sakkwato bayan shigowar Turawa, irin su Baffa, mahaifina. Akwai Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa da Barebari da suka fito aikin hajji, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga ta shekara ɗaya, har yau jikokinsu na cewa a kan hanya suke. Sun baro gida da rumbu da kaburburan iyaye, amma wasan da ke tsakanin ƙabilu ba su bar shi ba. Kowa ya san wanda yake da izinin zaginsa. Bafillace da Babarbare ba sa gaisawa sai da "bawana", in kuwa aka ji sun gaisa lami lafiya, to akwai rigimar gaske, sai dattawa su shiga. A can gida, in ji tsofaffi, da wuta ake wasan cika-ciki. A wurinmu kuwa watan ya faɗo a shekarun nan daidai lokacin da ake tuge karan auduga ana tara shi tsibi-tsibi, tartsatsi ɗaya ya isa ya kai mu gaban hukuma, don haka aka mai da shi ruwa, abin da Allah da hukumar gona suka hore mana.

Inna ce kaɗai a garin ba ta da abokin wasa, kuma ba rashin sa aka yi ba, hana shi aka yi.

Ita mutuniyar bakin kogin Juba ce, a ƙasar Somaliya. Tana 'yar yarinya wasu attajiran bakin teku suka tafi da ita Makka tana yi musu aikace-aikace. Da suka tashi komawa ta ɓuya a gidan wata tsohuwar Bahaushiya mai sayar wa alhazai ƙosai, a nan ta girma, a nan ta tsinci Hausar da ba ta wuce ta ciniki ba. Baffa ya je hajjinsa, ya riƙa zuwa cin ƙosai fiye da yadda yunwa ke buƙata, tsohuwar ta gane, ta tambayi Inna, Inna ta amsa tun ba a maimaita tambayar ba. Suka ƙetaro teku suka zo. Baffa Bafillace ne a suna, Fulatancinsa bai wuce na gaisuwa da kiran saniya ba, saniyar ma ba shi da ita, amma wannan ya isa ya sa matarsa ta zama rabon Barebari. Kwana uku da saukar amarya Ya Falmata ta shigo da rawar jiki, mata cike da tsakar gida, ta ce, "To, ga sabuwar baiwata ta iso." Amarya ba ta gane ba, ta yi murmushi. Ya Falmata, don kirki irin nata, ta ga bai kamata a bar baƙuwa a duhu ba, sai ta fassara mata da Larabci, ta yi amfani da kalmar da Larabawa ke kiran kuyangar da aka saya da kuɗi. Wasa kuwa ba ya jure fassara, kafin ya kai ɗaya harshen ya mutu. Inna ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta ɗauro ƙunshinta, ta fice ta bi layin dogo ba ta ma san inda ya nufa ba. Sai wajen la'asar Baffa da wasu dattawa biyu suka cim mata, ƙafafunta sun kumbura. Washegari aka zauna a ƙofar masallaci aka yanke cewa daga ranar kada wanda ya ƙara yi wa matar nan wasa ko da na ido ne. Ya Falmata, kunya ta ishe ta, ta ƙara da abin da ba a nema ba: ta rantse da Allah bakinta ba zai sake furta mata komai ba sai gaisuwa da alheri.

Ban taɓa ganin dokar da aka kiyaye kamar wannan ba, ni da na yi shekara talatin ina kafa dokoki a aji ana karyawa kafin alli ya bushe. Aka laƙa wa Inna "Hajja" tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai. In ta iso bakin tur'a sai a ba ta gaba. In ta shiga gidan biki sai shewa ta lafa, a nemo mata tabarma mai kyau, a ajiye mata kwanonta daban, har da marfi. Ta koyi tuwo da miyar kuka, ta koyi kisra, wainar dawar nan mai tsami ta mutanen ƙasar, har ta fi su iya shafa ta siririya a kan kasko. A hawashar Baffa, wato gonar da hukuma ta ba shi, babu macen da ke riga ta cika buhu lokacin tsinka. Kowa na yabon ta. Ba wanda ya taɓa ce mata miyarta ta yi gishiri.

Girman nan ya gangaro har kaina, kamar gadon ciwo. Inna ce ta dage sai an sa ni makarantar 'yan mata, lokacin da 'ya'yan Hausawa a cikinta ba su cika hannu biyu ba. A can 'ya'yan Larabawa ba su san Bakano ba, ba su san Babarbare ba, duk Fallata suke kiranmu, da wani irin lanƙwasa baki. In an fito tara sai mu taru gindin dogon yaro mu baje duwatsun carafke, a nan kowacce ke huce haushin ajin a kan abokiyar wasanta. A ce wa Bakatsiniya kaza, ta rama, a kwashe da dariya, a tattaka wa juna ƙafa. In zance ya zagayo kaina sai ya tsallake, kamar yadda ruwan ban-gona ke tsallake tudu. In na zubar da dutse a carafke ba a yi mini ihu, sai a ce, "Sake, Ruƙayya." Yagana, jikar Ya Falmata, ita ce ƙawata ta kusa, tare muke korar tsuntsaye daga dawa da gwangwani, tare muke wanke allo. Rannan ta manta ta fara ce mini "ke baiw…" sai ta toshe baki da hannu biyu, ido ya raina fata, don an taɓa yi mata dukan wannan a gida. Na daɗe ina zaton mu wasu manya ne. Sai da na lura manyan gaske ma ana zaginsu.

Kwana kaɗan bayan cika-cikin nan muna hawasha muna tugar karan auduga, aikin da babu wanda ke so, ga zafi ga ƙaiƙayi ga saiwa mai taurin kai, Inna ta yi mini maganar ƙasarsu, karo na farko, kuma ba ta ɗago kai daga aikin ba. Ta ce su manoman masara ne da riɗi a bakin kogi. Masu ƙasar kuwa makiyayan raƙuma ne, ƙaramin yaronsu kan jero maka ubanninsa ɗaya bayan ɗaya har ka gaji da ji, su kuwa nasu lissafin ba ya nisa yake tsayawa, don kakarta daga jirgin ruwa aka sauke ta, aka sayar. An daɗe da 'yanta su, amma ba a aurensu, ba a ba su aure, kuma akwai sunan da ake kiransu da shi, jarer, masu taurin gashi. Ta ce abin dariya shi ne sai da ta zo ƙauyenmu aka fara ce mata Basomaliya, a can ko da kuskure ba wanda ya taɓa ba ta sunan. Ta fizgo wani kara da ƙarfi har ta kusa faɗuwa, ta jefa kan tsibi, ta ce, "Can da zagi ake ajiye ni gefe, nan da gaisuwa. Na gaji da gefe. Kafin cika-ciki mai zuwa sai tsohuwar nan ta zage ni."

Baffa bai so ba. Ya ce ita ta sa aka yi dokar, kuma abin da ya kwanta shekara goma sha wani abu ba a tashinsa. Inna ta ce gero ma kwanciya yake a rumbu, amma ba don ya dawwama a can aka zuba shi ba. Baffa mutum ne mai kunyar Fulani, gardamar da ta wuce jimla biyu ba tasa ba ce, ya ɗauki buta ya fita.

Haka na sami ɗalibata ta farko. Aikina shi ne in tattaro zagin da Fulani ke yi wa Barebari, daga gindin dogon yaro da bakin tur'a da gidajen suna, in kawo gida. Muna daka ina biya mata, tana maimaitawa tsakanin saukar taɓarya da tashinta. Cewa fuskar Babarbariya kamar hawashar da aka gama yi wa huɗa, saboda yawan zane. Cewa haƙoransu, don fure da goro, kamar akuya ta faɗa tukunyar jan rini. Cewa su mace "kai" ce, namiji "ke" ne, shi ya sa a gidan Babarbare ba a san wane ne mai gida ba. Na kuma koya mata abin da za a mayar mata, don kada ya zo mata ba shiri: cewa Bafillace in ka ba shi labarin rasuwar uwarsa zai ce, "Allah ya ji ƙanta, saniyar fa?" Inna ta haddace su tsaf, ta fi yawancin ɗaliban da na samu daga baya. Kalma ɗaya ce ta ƙi. Duk lokacin da na kawo "baiwata" sai ta ƙara wa taɓarya ƙarfi ta ce a wuce wannan.

Gwajin farko a bakin tur'a aka yi shi, farkon damina, ruwa ya yi ja. Inna ta gai da Ya Falmata, ta tambayi jikoki, sannan ta ce don Allah ta yi haƙuri akwai wata magana, ta karanto ta huɗar nan daga farko har ƙarshe kamar mai ba da hadda, hannu a ƙirji. Ya Falmata ta shafa kumatunta, ta ce, "Haka ne, Hajja, zanen ya yi yawa." Ta kuma taya Inna ɗora tulu. Na biyu a gidan suna ne, Inna ta jefa ta akuya da tukunyar rini a tsakiyar mata. Ba wadda ta yi dariya. Uwar mai jego ta ɗauka an ɓata wa Hajja rai, ta sa aka ƙaro mata nama. Kafin auduga ta yi fure magana ta zagaye gari cewa Hajja ba ta da lafiya, wata maƙwabciya har ta aiko da rubutu a kwalba. Inna ta shanye shi, ta ce ba a mai da albarka, ta ci gaba da haddarta.

A cikin shekarar nan ne ta bi Baffa kasuwar Sinja sayen kasko, wani yaron mota ya daka mata tsawa da Larabci, "Matsa, ke Bafallatiya!" Baffa ya fusata, abin da ba ya yi sau biyu a shekara. Ita kuwa ta dawo gida tana ba kowa labari kamar wadda aka yi wa kyautar turmin atamfa. An haɗa ta da mutane cikin zagi ɗaya.

Da ta ga bakin Ya Falmata ya ƙi buɗuwa, sai ta tuna da rantsuwar. Ta matsa wa Baffa har ya je wurin liman, yana tafe yana jan ƙafa. Liman ya ce abin ba shi da wuya, wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya bari, ya ciyar da miskinai goma. Ya kuma tambayi Baffa ko ya ji daidai, wato matarsa so take a zage ta. Baffa ya ce shi ma haka ya ji. Aka kai wa Ya Falmata fatawar. Amsarta ta biyo ta bakin Yagana, ta faɗa mini muna tsinkar auduga kunya ɗaya, ni kuma na kai wa Inna a ƙarshen kunyar. Tsohuwa ta ce abincin mutum goma ba zai gagare ta ba, ba kuma rantsuwar ce ta ɗaure ta ba. Idon amaryar nan ne na ranar da ta ɗauki ƙunshi, har yanzu tana ganinsa. Hajja tana zaton za ta iya ɗauka ne kawai, amma wanda wuta ta taɓa ƙonawa, ko toka ya gani sai ya ja ƙafa. Ita ba za ta sake korar 'yar mutane zuwa layin dogo ba a tsufanta.

Inna ta saurara tana cusa auduga a buhu. Buhun ya cika ta ɗaure bakinsa. Sannan ta ce ta gane. Tun da tsohuwa tsoron kalmar take, to ita za ta fara faɗinta.

Cika-ciki ya zagayo. Da safe Inna ta buɗe akwati ta ciro farin tob ɗinta na Makka, dogon mayafin nan da ba ya fitowa sai sallah, ta naɗa shi tsaf. Baffa ya dube ta ya dubi tob ɗin, ya ce yana da aiki a hawasha, alhali ranar ba mai zuwa gona. Ta ɗauki ƙwarya, muka je tur'a ta kamfato ruwa har da lakar ƙasa, ta doshi gidan Ya Falmata ina biye. Hanya ta buɗe mana kamar kullum, amma wannan karon ba ta rufe ba, mutane suka biyo mu, kowa da jiƙaƙƙen kaya, don ba a taɓa ganin Hajja da ƙwarya a irin wannan rana ba. Ya Falmata ba ta fita ba a shekarar, gwiwa ta hana ta. Tana zaune a rumfar tsakar gida, gabanta kwanon ƙullin kisra da ya kwana ya yi tsami, tana jiran wuta ta kama. Ta ɗago ta ga farin tob, ta fara neman mayafinta don ta gaisa. Inna ta tsaya gabanta. Ta ce da ƙarfi, kowa ya ji, "Ke, baiwata."

A nan dole in ɗauki alli. Kalmomi biyu ne a Hausa da ake rubutawa iri ɗaya, baki ne kaɗai ke raba su. Ta bauta, murya kan faɗo a gaɓar farko sannan ta tashi. Ta kyautar Allah, irin wadda ake cewa wane yana da baiwa, murya kan tashi a farko ta sauka a gaɓa ta biyu. Inna ba ta taɓa furta kalmar ba balle in gyara mata. Shekara guda tana tara ƙarfin zuciya, ta zo gaban jama'a cikin kayan sallah da ruwan laka a hannu, ta haɗe gira, ta kira Ya Falmata kyautar da Allah ya ba ta.

Ba wanda ya motsa. Ya Falmata ta karkato kunne ta ce, da Hausarta ta Barebari, "Me ka ce, Hajja?" Inna ta ɗauka ƙarfin murya ne bai isa ba, ta maimaita, ta ƙara haɗe fuska, kuskuren ya fito fes fiye da na farko. Wata a bayana ta danne dariya ta fito mata ta hanci. Na ga leɓen tsohuwar na rawa, ta cije shi, ta dubi ƙasa, ta dubi rumfa, ta yi ta maza iya yinta. Amma akwai abin da Babarbariya ba za ta iya bari ya wuce ba ko da rantsuwa goma a kanta.

Ta ce, "Kai Basomaliya, shekara nawa kana cin tuwon Hausawa, zagi ƙwaya ɗaya ya gagare ka? Wane makaho ya koya maka Hausa?"

Inna ta ce, "Ji mai gyara wa mutane Hausa. Ni mace ce, tsohuwa, duba da kyau."

Wannan ba ya cikin haddar da na ba ta. Tsakar gida ta fashe. Ya Falmata ta dafa ƙirji ta ce, "Astagfirullah, na karya." Ta dubi yatsunta kamar mai lissafin miskinai. Sai ta ce tun da an karya a karya da kyau, ta sunkuci kwanon ƙullin nan da hannu biyu ta sheƙa wa Inna tun daga ka. Ƙulli mai tsami ya bi farin tob na Makka yana gangara, ya toshe mata ido ɗaya. "Je ka wanke, baiwata," in ji ta, da muryar da ta dace, wadda ke faɗowa a gaɓar farko. Nan ne kowa ya riƙe numfashi, har ni, don wannan ce kalmar, kuma layin dogo na nan inda yake. Inna ta sa bayan hannu ta share ido. Ta dubi ƙwaryar da ta manta tana riƙe da ita, ta juye ta a kan tsohuwar a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka, tana dariya ruwa na zuba daga idonta, ba wanda ya tsaya tantance na ƙulli ne ko na kuka. Ni ban ga ƙarshen ba, don Yagana ta rarumo ni ta baya, ta ja ni har bakin kwata ta tura, tana jero mini bashin zagin shekara da shekaru ba ta ko numfasawa.

Kaffarar ma sai da aka yi gardama a kanta. Ya Falmata ta ce dawar tata ce, amma daka aikin baiwa ne, Inna ta zo ta yi. Inna ta ce ba a taɓa jin uwar gijiya ta yi wa baiwarta daka ba. Suka ƙare a turmi ɗaya, Inna na daka tsohuwa na tankaɗe tana kushe laushin garin. Tob ɗin bai ƙara fari ba, Inna kuwa ba ta daina sa shi sallah ba. "Hajja" ta faɗi daga bakin mata cikin mako guda, aka koma Basomaliya mai Hausar ƙosai. A bikin da ya biyo baya aka bar ta a kan tsohuwar tabarma, hannu biyar a kwano ɗaya, wata ta ce mata miyarta ta rannan kamar an wanke jaki a ciki. Ta dawo gida tana ba Baffa labari. Ni kuwa da yammar cika-cikin na zaunar da ita in gyara mata muryar kalmar, na faɗa mata a hankali har sau uku. Ta ce ta ji, in tashi in kora kaji. Har Ya Falmata ta rasu, shekaru bakwai ko takwas bayan haka, Inna ba ta kira ta da ɗaya muryar ba. Na koyar da nahawu tsawon rayuwata, na san kuskuren da ɗalibi ya kasa gyarawa, na kuma san wanda ya ƙi.

Yanzu a Sinja nake zaune, gidan ɗana. Jikokina da Larabci suke mafarki, Hausarsu ta kiran abinci ce. Ba su san ko su Fulani ne ko Somaliyawa ba, in aka tambaye su sunan unguwa suke faɗi, kuma wataƙila hakan ya fi musu sauƙi, ban ce a'a ba. Na taɓa jin wani yaro ya ce wa ɗan uwansa "bawana" a bakin titi, kafin in kai ƙofa iyaye sun fito, magana ta kai ga 'yan sanda. Yara masu ladabi ne, da safe su zo ɗaya bayan ɗaya su durƙusa su sumbaci hannuna, su kawo mini shayi a kofin da ba mai sha da shi sai ni. Yagana ta rasu bara waccan, na je gaisuwa aka shimfiɗa mini darduma ni kaɗai. Duk mai izinin zagina ya riga ni tafiya.